Kafin a saki gonaki: Yadda ake shirya taron manoma da makiyaya a Aguie, Gazawa da Gidan Rumji

Duk shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, tambaya ɗaya ce ke yawo a kudancin jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar: yaushe za a saki gonaki? Makiyayin da ya yi damina a arewa, wajen Dakoro da Bermo da kwarin Tarka, ya ga tabkuna sun fara ƙafewa, dabbobinsa sun juya kai kudu. Manomi kuma a Aguie ko Gazawa ya yanke gero, amma wakensa bai gama bushewa ba, dawarsa tana tsaye, ayarsa tana cikin ƙasa. Tsakanin buƙatar wancan da ta wannan akwai 'yan makonni, kuma a cikinsu ne aka fi samun ɓarna, da sara da suka, wani lokaci har da asarar rai.

Doka ta tanadi wanda zai ba da amsa. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce hukumar jiha ce ke tsayar da ranar rufe gonakin damina da ranar sakinsu, bayan an ji ra'ayin kwamitocin filaye na gundumomi da na ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin makiyaya da na manoma. A takarda layi biyu ne kawai. A aikace kuwa, "jin ra'ayi" yana nufin tara mutanen da ba sa kwana gari ɗaya, ba sa magana da harshe ɗaya, wasunsu ma suna jin haushin juna tun bara. Wani lokaci zaman yini guda ake yi a ofis. Idan an samu mai ɗaukar nauyi, ana yin kwana biyu ko uku. Irin wannan taron na kwanaki, idan mutum ya bi diddigi, zai ga cewa makomarsa tana yankewa ne tun kafin a shimfiɗa tabarma ta farko. Hausawa dai sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Abin da ya sa ba a wasa da shi

Mutanen Gidan Rumji ba sa buƙatar a tuna masu. A ƙarshen Oktoban 1991, a Toda da ke wannan yanki, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara Fulani. Abin lura shi ne, a daidai wannan lokacin wakilai sama da 1,000 suna zaune a Yamai a babban taron ƙasa da Farfesa André Salifou ya jagoranta, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, kwana 98 ke nan. Ƙasa tana cikin taro mafi tsawo a tarihinta, amma zaman da zai haɗa maigari da arɗo a kan maganar shigar dabbobi gona bai samu ba a inda aka fi buƙatarsa.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, a ranar 2 ga Maris 1993, aka fitar da dokar da ta kafa ginshiƙan kundin tsarin karkara, mai lamba 93-015. Daga ita ne aka samu kwamitocin filaye da ake kira COFO, tun daga na gunduma zuwa na ƙaramar hukuma har zuwa na ƙauye. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma, shirin PASEL da ƙasar Suwizalan ta ɗauki nauyi ya taimaka wajen shata burtaloli da kafa masu alamun siminti a jihar Maraɗi. Wato akwai doka, akwai kwamiti, akwai alama a ƙasa. Abin da ya rage kowace shekara shi ne a zauna.

Rana

Mai shirya taro a waɗannan gundumomi uku yana fara karo ne da kalanda, kuma ba kalanda ɗaya ba. Idan ya sa taro da wuri, cikin Satumba, manomi yana tsakiyar girbi, ba zai bar damman gero a gona ya zo ya zauna kwana uku ba. Manyan makiyaya kuma ba su sauko ba, wasunsu suna can arewa wajen lasar gishiri a Ingal. Idan ya jinkirta zuwa ƙarshen Nuwamba, garken farko sun riga sun iso, an riga an yi faɗan farko, taron ya koma zaman makoki da ɗora wa juna laifi. Tazarar da ta rage 'yar ƙarama ce, kuma tana matsawa gaba ko baya gwargwadon yadda damina ta kasance.

A cikin wannan 'yar tazarar ma sai an cire ranar kasuwa. Maraɗi tana ci Litinin da Juma'a, kowane gari kuma yana da tasa ranar, kuma babu kuɗin zaman da zai hana dillalin shanu ko mai sayar da nono zuwa kasuwar mako. Taron da ya haɗa da Juma'a ya san ya yi asarar rabin yini. Sai kuma a duba inda Mauludi ko azumi suka faɗo a wannan shekarar, tunda watan Musulunci yana zagayawa.

Akwai kuma matsalar cewa gundumomin uku ba su girbe abu ɗaya a lokaci ɗaya ba. Yankin Aguie da Tchadoua da Gazawa ya shahara da noman aya, ita kuwa aya ba ta fitowa daga ƙasa sai an ƙone ganyenta, an tone, an tankaɗe, aikin da kan kai har cikin hunturu. A bakin Gulbin Maraɗi, ta Tsibiri zuwa Gidan Rumji, da zarar ruwa ya janye sai a shiga noman rani, wanda ba ya cikin lissafin gonakin damina da ake saki. Don haka rana ɗaya ga jiha baki ɗaya ba ta warware komai idan taron bai tsaya ya yi maganar gonakin da za su rage da amfani bayan ranar ba: wa zai yi masu shinge, wa zai tsare su, kuma idan dabba ta shiga, laifin wa ne.

Wa aka gayyata

A nan ne, a ganina, aka fi yin tuntuɓe. Jerin sunayen farko ba shi da wahala: shugaban gunduma, shugabannin ƙananan hukumomi, sarakuna da hakimai, jami'an noma da na kiwo da na gandun daji, jandarmomi, alƙali, sakataren COFO, wakilan ƙungiyoyi irin su AREN da majalisar manoma ta jiha. Dukansu ana samunsu da wasiƙa ɗaya, kuma dukansu suna da muhimmanci. A Gidan Rumji, alal misali, babu wanda zai shirya zama irin wannan ya tsallake fadar Sarkin Gobir da ke Tsibiri. Tun Afrilun 2024 da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙon ƙwarya, nauyin da ke kan sarakunan gargajiya na sanin wa ke ina ya ƙara girma, domin su ne suka daɗe a wurin.

Amma duk waɗannan da aka lissafa, babu ko ɗaya a cikinsu da ke riƙe da sanda a bayan shanu da ƙarfe biyun dare. Wanda ke yanke shawarar ko garke zai tsaya a burtali ko zai ratsa gona, sau da yawa saurayi ne ɗan shekara ashirin, wani lokaci ma yaro, wanda ba ya da adireshi kuma wasiƙa ba ta isa gare shi. Ana isa gare shi ne ta bakin arɗo, da rugga, da garso, shugabannin da makiyaya ke jin maganarsu a kan hanya. Su ma ba a samunsu a ofis. Ana aika mutum ne bakin rijiya ko kasuwar dabbobi, mako biyu ko uku kafin taro, a faɗa masu baki da baki.

Sai masu dabbobin na ainihi. Ba sirri ba ne cewa garke da yawa da ake gani da Bafulatani a bayansu, na 'yan kasuwa ne da ma'aikata da ma wasu manyan manoma, shi makiyayin ɗan ƙwadago ne. Idan aka yi ɓarna shi ake kamawa, mai shanun yana gida. Taron da bai kira masu dukiyar ba ya bar wanda zai biya diyya a waje.

Mata kuwa galibi ana sa masu kujeru biyu ko uku don a ce an sa. Alhali gamanar mace, 'yar gonar da take nomawa don kanta, ita ce ke ƙarshen samun hannun aiki, don haka ita ce ke ƙarshen girbewa, ita ce kuma dabba ta fi tararwa. Awaki da tumakin cikin gari, waɗanda su ma suna yin ɓarna ba kaɗan ba, yawancinsu na mata ne. Matar rugga mai kai nono gari kullum ta fi kowa sanin lokacin da fuskoki suka fara canzawa a ƙauye.

Harshe da wuri

Tun Maris 2025, kundin da hukumomin Nijar suka amince da shi bayan taron ƙasa na 15 zuwa 20 ga Fabrairu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A Maraɗi wannan bai kawo wani sabon abu ba a baki, domin da Hausa ake ciniki da shari'a a fada tun da. Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. Dokokin kiwo da na filaye da Faransanci aka rubuta su, rahoton taro ma haka. Jami'i zai tashi ya karanta sashe na kaza, wani ya fassara a tsaye cikin gaggawa, sai kalmar da doka ta auna ta da kyau ta fito da wata ma'ana. Mai shirya taro da ya san aikinsa yana zaunar da tafinta kwanaki kafin buɗewa, a daidaita yadda za a faɗi muhimman kalmomi da Hausa, da Fulatanci, da Tamashek idan akwai Buzaye, sannan a tsaya a kansu har a tashi. Dattijon makiyayi yana iya jin Hausa sarai, amma idan magana ta zo kan dabbarsa, da harshen uwarsa yake son ya yi ta.

Wurin zama ma magana ce. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ɗinke gundumomin uku: Gidan Rumji tana yamma da Maraɗi da kimanin kilomita 50, Aguie tana gabas da kimanin 80, Gazawa kuma gaba kaɗan a kan hanyar Tasawa. Saboda haka abu mafi sauƙi shi ne a kwashe kowa a kai otal a Maraɗi, inda akwai ɗakin taro da fanka da masauki. Sauƙin na masu shiryawa ne. Maigari da arɗo a ɗakin otal baƙi ne, suna zama a layin baya, suna sauraron masu kwamfuta. A rumfar ƙofar fada ko harabar ƙaramar hukuma kuwa, jami'in ne baƙo, kuma mutanen gari da ba a gayyata ba suna iya tsayawa daga gefe su ji da kunnensu, wanda shi kansa rabin aikin yaɗa labari ne.

Wanda ya zaɓi ƙauye kuma ya ɗauko wa kansa hidima. Sai ya nemi janareto da mai, ko da yake a Gazawa ne layin wutar da ke tasowa daga Katsina yake sauka kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Duk wanda ya ga watannin da Najeriya ta yanke wutar, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, ba ya sake dogara da waya kaɗai. Sai ruwa, sai makewayi, sai wurin kwanan mata daban. A ce mutum 100 ne za su yi kwana uku, ci uku a yini: kwano 900 ke nan, ban da direbobi da dogarai da 'yan rakiya, waɗanda ba sa cikin jerin sunaye amma ba a hana su abinci.

A Gidan Rumji akwai ƙarin lissafi. Gundumar tana iyaka da jihar Sakkwato, kuma tun 2019 ta karɓi dubban 'yan gudun hijira da suka tsere wa 'yan bindiga daga arewa maso yammacin Najeriya, aka tsugunar da wasu a Chadakori da Garin Kaka da Dan Dadji Makaou. Satar shanu da garkuwa da mutane sun sa makiyaya da dama sun canza hanya ko sun daina tsallaka iyaka, abin da ke nufin dabbobi suna daɗewa a yankin noma fiye da da. Taro a nan dole ya tashi da sauran rana don kowa ya isa masauki kafin magariba, kuma dole a yi shawara da jami'an tsaro kan ko za a sanar da wuri da lokaci a rediyo ko a'a. Zargi ma ya yi yawa, har makiyayi na iya jin tsoron zuwa inda ya san za a dube shi da ido biyu. Idan ba wani da ya yarda da shi ne ya je ya ɗauko shi ba, kujerarsa za ta kwana babu kowa.

Kuɗin zama

Babu mai son a yi maganarsa a fili, amma kowa da shi yake zuwa a rai. Manomin da ya bar aikinsa kwana uku, ya hau mota daga Gangara ko Saye Sabuwa, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗin mota, a ba shi abin da zai rage asara. Matsalar tana zuwa ne idan ambulan ya yi nauyi har ya zama shi ne dalilin zuwa. Daga nan sai jerin sunaye ya fara cika da 'yan'uwa da abokai, sai a samu ƙwararrun mahalarta taro waɗanda duk bitar da aka buɗe suna layin gaba. Kuma idan aka bambanta, jami'i ya karɓi ninki biyar na abin da maigari ya karɓa a zaman da aka ce kowa daidai yake, an gama ɓata taron a teburin biya. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a faɗi adadin tun a cikin gayyata, a biya a bainar jama'a, kuma kada a bar shi sai daren ƙarshe ya zama abin riƙe mutane.

Me ake yi da kwana ukun?

Taron da ya cinye safiyar farko a jiran manyan baƙi da jawaban buɗewa, ya cinye yammacin ƙarshe a jawaban rufewa, kwana biyu ne ya rage masa. Idan aka cika su da laccoci, an yi abin da ake kira taron tsintsiya ba shara.

Amfanin kwanaki shi ne suna ba da damar abin da yini ɗaya ba ya bayarwa. Ana iya barin kowane ɓangare ya zauna shi kaɗai da farko, ya fitar da abin da ke cinsa ba tare da idon ɗaya ɓangaren ba. Manoma za su yi maganar kiwon dare da yaran da ake bar wa garke. Makiyaya za su yi maganar burtalin da aka cinye da garma, da gonar da aka yi a bakin tabki kamar tarko, da kara da harawa da a da ake bar wa dabba amma yanzu ake kwashewa a ɗaure a kan itace don sayarwa da rani. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi canza dangantakar. A da manomi ne ke roƙon makiyayi ya kwana a gonarsa don taki, har ya ba shi gero. Yau karan kansa kuɗi ne, don haka gonar da aka saki sau da yawa fili ne fetal.

Yini na biyu ya fi amfani a waje da ɗaki. A hau mota, a je inda ake gardamar, a tsaya a kan alamar siminti, a ga ko gona ta wuce ta. Abin da za a yi awa uku ana musu a kansa a zaune, ido yana raba shi cikin minti goma. Dare kuma yana da nasa aikin: hirar bayan sallar isha'i, a kan tabarma da shayi, ita ce ke sassauta abin da aka kasa sassautawa a gaban lasifika. Shi ya sa kwana wuri ɗaya ya fi a sallami kowa ya koma gida da yamma, inda tsaro ya bari.

Yankin Aguie yana da misalin da ya nuna cewa zama irin wannan yana haifar da abu. A ƙauyen Dan Saga, lokacin ayyukan da asusun FIDA ya tallafa, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido kan itatuwan da suke rainowa a gonaki ta hanyar sassaben zamani, suka sa mata a ciki, suka sa Fulani makiyaya, suka tsayar da dokokinsu da tararsu da kansu. Wannan dabara ta barin kututture ya sake tofowa, wadda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a farkon shekarun 1980, masu bincike sun ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, har gwamnati ta yi mata doka a Yulin 2020. Dan Saga ta zama wurin da baƙi daga ƙasashe daban-daban ke zuwa koyo, manoman ne kuma ke yin bayani. Dokar da suka tsayar ta kama ne domin waɗanda za ta hau kansu suna wurin lokacin da aka yi ta.

Bayan an watse

Takardar da aka sa wa hannu ranar ƙarshe tana bin hanyarta zuwa Maraɗi, daga baya sanarwar ranar sakin gonaki ta fito. Dokar ta ce a yaɗa ta sosai, kuma a nan ne kasafin taro ya saba ƙarewa. An biya abinci, an biya mota, an biya mai ɗaukar hoto, ba a ware ko jaka goma ba don rediyon karkara, ko don mai shela ya zaga kasuwanni. Makiyayin da ke kan hanya daga Dakoro bai ji ba, ko ya ji wata rana daban a saƙon murya na WhatsApp da wani ya turo daga wata jiha.

Haka kuma maganar ɓarna. Tsarin karkara ya ce kafin a je kotu sai an fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya, a rubuta takardar abin da aka cimma. Amma wa zai je ya auna ɓarnar, cikin awa nawa, da babur ɗin wa, da man wa? Ina za a tsare dabbar da aka kama, wa zai ba ta ruwa? Idan taron bai fitar da sunaye da lambobin waya na waɗannan mutane ba, ƙauye bayan ƙauye, manomin da ya wayi gari ya tarar an cinye masa wake ba shi da wanda zai kira, sai 'yan'uwansa. Saboda haka a kasafin kwana uku, ya kamata a cire kuɗin man babur na wata biyu masu zuwa tun kafin a yi cinikin ragon da za a yanka ranar buɗewa.